Kujerar Malam Barau a Kwanar Toranke

Abu uku na ɗora a kan gasar tseren babura ta ranin nan, shekara biyu bayan shigowar naira. Na farko babura uku, mafiya lafiya a shagona na Gaya. Na biyu ribar gyaɗar da na tara kaka biyu, wadda ta tafi a mai da taya da hayar mota. Na ukun shi ne babba. Kamfanin da ke shigo da sababbin babura Kano ya yi alkawarin cewa duk dillalin da ya zo na ɗaya a ƙaramin rukuni, wato mu na ƙauye, za a ɗaga shi zuwa rukunin birni, kuma shi za a ba wakilcin sayar da sababbi a duk gabashin Kano. Ni kuwa na gaji da wanke tsofaffin babura ina shafa musu fenti ina rantse wa mai saye.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ake yi. Bayan an kwashe amfanin gona sai a baje kunyoyin wata babbar gona, a zagaye ta da tsofaffin gangunan mai, layi biyu, ciki da waje. Mutum huɗu ke tashi a kowane karo, zagaye huɗu. Na ɗaya maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a banza. Ana cire wa babur birki gaba ɗaya. In mahayi ya zo kwana sai ya kwantar da babur, ya dasa ƙafar hagu a ƙasa, ya murɗa totur, tayar baya ta yi ta watsa ƙasa kan duk wanda ya tsaya a wajen. Wanda ya saki totur a kwana ya gama yawo.

Mu dillalai huɗu ne, amma na Wudil da na Albasu rakiya suka yi. Gasar tsakanina ce da Alhaji Tanko na Ajingi. Mahayana biyu: Habu, ɗan Toranke, wanda ban ga mai shan kwana kamarsa ba, da Ɗanladi, bakanikena, wanda ya fi iya sifana da totur amma ba ya faɗuwa. Tseren farko a gida Gaya aka yi, muka tashi muna gaban Alhaji Tanko da maki huɗu. Saura kasuwa uku: Ajingi, Gafasa, Toranke.

Gaya zuwa Ajingi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka ɗaure baburan a bayan akori-kurar wani direba mai suna Isa, muka yi salla a masallacin tasha muka kama hanya. Naira talatin muka yi da shi, zuwa da dawowa, abincinsa a kaina. Ni da shi a gaba, Habu da Ɗanladi a baya suna riƙe da kaya.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da shinge. Ɗan sandan da ke wurin ya haska baburan da tocila, ya duba takardu, sannan ya matsa hannun birki ya ji wayam.

"Malam, babur ba birki? Har uku?"

"Na tsere ne, yallaɓai. Ba a titi za su hau ba."

"To in za su tsaya fa?"

Ɗanladi ya leƙo ya ce, "Sai Allah ya tsayar, yallaɓai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira abokinsa ya nuna masa, shi ma sai da aka sake yi masa bayani daga farko. Dariyarsu ta ci mana rabin awa. Hantsi ya fito sosai kafin mu shiga Ajingi.

Mun sauka gidan Ba Modu, Babarbare mai fataucin kanwa da hatsi, wanda kakansa ma a garin aka binne shi. Ya ba mu zaure da tabarmi, aka kawo burabusko da miyar kuɓewa busasshiya, ya hana ni ko maganar biya. Shi ya fara ja mini kunne.

"Sabo, ka zo da manka?"

"Na ce zan saya a nan."

"A garin nan duro ɗaya ne, kuma na Tanko ne."

Haka kuwa aka yi. Galan ɗin da nake saya a Gaya, yaron Alhaji Tanko ya ninka mini kuɗinsa ba ko kunya, wai hanya ta lalace. Na biya, don babur ba ya shan fushi.

Shi kansa Alhajin da yamma ya zo gaishe mu, babbar riga tana jan ƙasa, da ƙullin goro. Ya rungume ni kamar uwa ɗaya ta haife mu. Sannan ya juya wajen Habu.

"Kai ne dodon kwanar? Masha Allahu. An ce mini angon bara ne. Ina aka ɗauko amarya?"

Habu ya sunkuyar da kai ya ce, "A garinmu, Alhaji."

"Gidan wa? Ai Toranke ba wanda ban sani ba."

"Gidan Malam Barau."

"Barau mai rake? Kai, ka shiga gidan mutunci. Iyalin lafiya?"

Ɗanladi, da bakinsa ba ya rufuwa, ya ce ai tana can gidan iyayenta goyon ciki, haihuwa yau ko gobe. Alhaji Tanko ya yi addu'a mai tsawo muka shafa. Ina zaune a wurin, kunnena ya ji komai. Na ɗauka surutun dillali ne.

Washegari aka yi tseren. Gonar da suka gyara, sun bar ragowar kunya a gefen ciki, wadda mahayan Alhaji Tanko sun san inda take, namu ba su sani ba. Ɗanladi ya ci karo da ita sarƙa ta tsinke. Na je wajen alƙalin gasa, wani akawun kamfani da aka turo daga Kano da hular rana da usur, ya ce gona ai gona ce. Muka bar Ajingi ratarmu ta dawo maki ɗaya.

Gafasa

Tafiyar ba ta da nisa amma yashi ne zalla. Sau biyu motar ta kafe. A karo na biyu sai da muka sauke baburan duka, muka shimfiɗa kara a ƙarƙashin taya, wasu manoma masu dawowa daga ɗaukar dawa suka tura mu. Na ba su goro, babbansu ya ce a bar shi, in dai za a bar su su tsaya kusa da ganga ranar tsere. Isa direba bai daina mita ba.

"Alhaji, da na san haka hanyar take da arba'in na ce."

"Ban je Makka ba tukuna, kuma talatin muka yi."

Sarkin pawa ya sauke mu. Balangun sule uku, wato kobo talatin a sabon lissafi, ya ishe mu mu huɗu har da ragi. Kwana uku muka yi muna jiran kasuwa, Ɗanladi ya kwance injin biyu ya wanke ya mayar. Maƙerin garin ya sake buga wa Habu ƙarfen da yake ɗaurawa a tafin takalmin hagu, don na Gaya ya cinye.

A Gafasa babu mai gida babu baƙo, fili ne kowa da ƙarfinsa. Nan Habu ya nuna abin da na ɗauke shi dominsa. Karo uku, na ɗaya sau uku. A kwanar gabas yana kwantar da babur har gwiwarsa na shafar ƙasa, manoman nan da suka tura mu suka koma gida jajaye tun daga hula har ƙafa, suna murna kamar an yi musu kyauta. Ratarmu ta koma maki biyar. Wani malamin makaranta da ya karɓi ariyas ɗin albashi ya biyo ni har masauki yana son babur na ukun, wanda muke ajiye wa ko-ta-kwana. Na ce ya jira a gama Toranke.

Alhaji Tanko bai zo taya murna ba. Aka ce mini tun kafin karon ƙarshe ya shiga motarsa ya yi gaba. Na ce zafin kaye ne.

Toranke

Mun isa ana gobe kasuwa, da la'asar. Habu bai kwana tare da mu ba, ya tafi gidan wansa. Na duba filin da kaina, taku bayan taku, saboda abin da aka yi mana a Ajingi. Ban ga kunya ba, ban ga rami ba. Na koma masauki na ce wa Ɗanladi ya fara tunanin sunan da za mu rubuta a sabon allo.

Da hantsi muka turo baburan fili. A kwanar yamma, wadda ta fi kowace tsanani, daidai inda ƙasa ke zuba, sai na ga an kafa 'yar rumfa, an shimfiɗa darduma, an ajiye kujera mai hannu. A kanta wani dattijo ne zaune, da farar riga sabuwa dal, karin guga bai ma baje ba, da farin rawani. Alhaji Tanko na tsugune a gefensa yana zuba masa shayi.

Habu ya tsaya cak. Ya jingine babur a jikin Ɗanladi, ya kwance takalmansa har da mai ƙarfen, ya tafi ba takalmi ya tsuguna nesa da rumfar ya yi gaisuwa kansa a ƙasa. Dattijon ya amsa yana kallon wani wajen. Ba sai an gaya mini ba, Malam Barau ne.

Da ya dawo na ja shi bayan mota.

"Habu, ka ga abin da na gani?"

"Na gani, Maigida."

"To ka saurare ni. Tsere ne. Duk wanda ya zauna a kwana ya san ƙasa zai sha. Yara ma sun sani."

"Maigida, surukina ne. Ko a keke na hango shi sauka nake in tura. Yaya zan watsa masa ƙasa a fuska, gaban mutanen garinmu, 'yarsa tana ɗakinsa tana jiran haihuwata?"

"Maki biyar gare mu! Na biyu kawai nake so ka riƙa zuwa!"

"Zan yi ƙoƙari a sauran kwanar."

Na bar shi na nufi rumfar. Na cire takalmi ni ma, na gaida dattijon, na ce, "Baba, nan wurin ƙasa na zuba ƙwarai. Ga inuwa can kusa da dagaci, a mayar maka da kujerar."

Ya ce, "Alhaji ne ya girmama ni ya ajiye ni nan. In tashi ai na watsa masa ƙasa a ido."

"To Baba, ko za ka aika wa Habu cewa ka yafe, ya yi gudunsa?"

Fuskarsa ta canja, kamar na ambaci abin da ba a faɗa a gaban mutane. Ya ce, "Ni kallo na zo. Ban san kowa a cikinsu ba."

Alhaji Tanko ya miƙo mini kofi. "Malam Sabo, shayi?"

Ban karɓa ba. Na je wajen alƙalin gasa na ce a ɗage rumfar. Ya buɗe hannu ya ce dokar kamfani ta hana ɗan kallo shiga cikin ganguna ne kawai, wannan kuwa yana waje. Na ce to a juya tseren, a bi ta dama. Ya ce ba a taɓa yi ba. Na sayi zana biyu a kasuwa na ce a kafa a gaban dattijon ta tare masa ƙasa, yaran Alhaji Tanko suka taso wai zan rufe wa babban baƙo ido. Dagaci ya aiko a tambayi ko lafiya. Ni baƙo ne a garin, na janye zanata.

Aka busa usur. Habu ya fita kamar harsashi, ya sha kwanar gabas shi kaɗai. Da ya doso ta yamma sai na ji kukan injin ya faɗi. Ya miƙar da babur, ya ɗauke ƙafa, ya wuce gaban rumfar a hankali har da ɗan sunkuyar da kai. Mutum biyu suka wuce shi, su kuwa suka yi wa dattijon wanka da jar ƙasa, don ba surukinsu ba ne. Ya kamo su a miƙe, ya sake wuce su a gabas, ya sake sakin totur a yamma. Sau huɗu ina kallon wannan abu. Ya zo na uku. Karo na biyu ma haka, na uku. Mahayin Alhaji Tanko ya cinye duka biyun.

'Yan Toranke da suka zo kallon ɗansu suka kasu biyu. Dattawa na gyaɗa kai suna cewa yaro ya yi tarbiyya. Samari na ihu, "Habu, murɗa! Ai rigar ta riga ta ɓaci!" Gaskiya suka faɗa. Rigar ta koma kalar tukunya, ƙasar kowa ta hau ta ban da ta Habu.

Kafin karon ƙarshe rata ta dawo maki ɗaya, don Ɗanladi da ɗaya mahayin Alhaji Tanko kunnen doki suka yi. Na kama kafaɗar Habu, ban san sanda muryata ta tashi ba.

"Dubi rigar! Me ya rage da za ka ɓata? Shekara uku kana cin tuwon shagona, yau rana ɗaya na nema!"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Maigida, zan bi ta ciki. In na manne da ganga, ƙasata ba za ta kai shi ba."

Ɗanladi ya ce, "Cikin nan ba ya ɗaukar gudu, Habu."

Habu ya hau babur.

Zagaye uku ya yi haka, yana shafar ganga da gwiwa, bai saki totur ba, kuma yana gaba. Na fara cewa ashe za a yi. A na huɗu mahayin Alhaji Tanko ya matso shi ta waje. Hanya ɗaya ta rage wa Habu, ya buɗe kwanar ya bar tayar baya ta yi aikinta. Kowane mahayi ya san haka, shi ya fi kowa sani. Ya ƙi. Ya ƙara matsewa ciki, madafin ƙafa ya kama ganga, babur ya tashi sama ya dawo a kan ƙafar gaba. Shi ya gangara gefe, ya miƙe da gwiwar hannu a fashe. Babur ɗina kuwa ya lanƙwashe kamar lauje. Muka faɗi gasar da maki biyu.

Na taka har rumfar. Alhaji Tanko na karɓar hannu.

"Alhaji, wannan ba tsere ba ne. Tun a Ajingi ka auna yaron nan, a gabana, da goronka."

Ya ce, "Subhanallahi, Malam Sabo. Dattijo na ɗinka wa riga na ba shi kujera. In girmama manya laifi ne, kai ni gaban alƙali."

Mutane suka shiga tsakani. Ina juyawa sai Malam Barau ya yafito ni. Yana kakkaɓe rawani, ya rage murya don kada a ji.

"Kai ne maigidan yaron nan?"

"Ni ne, Baba."

"An yi ta cika mini kunne wai ba mai kama shi. Na bar masu saran rake ba mai duba su na zo. Ga shi duk sanda ya iso gabana sai ya koma kamar mai tallan manja. Ƙarshe ma ya faɗi. Ashe bai iya ba?"

Na ce, "Baba, don kai ya yi. Kada ya zuba maka ƙasa."

Ya dubi rigarsa, ya dube ni. Ya ce, "To ai ga ta nan na sha ta banza." Ya tashi, aka naɗe masa darduma.

Ban taɓa jin abin da ya ƙona mini rai kamar wannan magana ba. Da ya faɗi rabinta da hantsi, ko ta bakin wani, da yanzu labarin daban ne. Amma shi ba zai ambaci mijin 'yarsa ba, mijin 'yarsa ba zai ɗaga ido ya dube shi ba, ni kuma dukiyata ce a tsakaninsu.

Komawa gida

Mun kai Habu wajen mai ɗori ya duba hannun, ya ce ba karaya, aka wanke aka ɗaure. Na ce ya zauna garinsu har matarsa ta sauka. Ya zo bakin mota zai yi magana na ce, "Bari, Habu. Ba yau ba." Muka loda lafiyayyu biyu da gawar na Habu muka tashi bayan azahar.

Muka biya ta Gafasa don malamin makarantar nan. Ya ji labari kafin mu iso, saboda haka ya rage naira ashirin a kan abin da ya taya da farko, wai baburan da suka faɗi gasa ne. Na sallama, don ina bukatar kuɗin mota. Isa bai yi mita ba a hanyar dawowa, ya ga fuskata. A shingen nan muka tarar da ɗan sandan ranar farko. Ya leƙa baya ya ga lanƙwasasshen babur.

"Wannan fa?"

Ɗanladi ya ce, "Shi ne wanda Allah ya tsayar."

Ana kiran magariba muka shiga Gaya. Na gode wa Allah da ya dawo da mu da ranmu. Na gode wa Ba Modu da sarkin pawan Gafasa da manoman da suka tura mota, da Ɗanladi wanda ya tsince abin da zai moru a jikin mataccen babur. Alhaji Tanko ba ya cikin godiyata, kuma ya sani, don har yau in mun haɗu a jana'iza sallama kawai ke haɗa mu.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Babur ɗaya ya mutu, ɗaya na sayar da ragi, ɗaya ya dawo shago. Ribar gyaɗa ta tafi duka. Wakilci ya tafi Ajingi, kuma kafin damina Alhaji Tanko ya buɗe reshe a Gaya, tsallaken titi da shagona, sababbin babura jere a rana suna ƙyalli a idona. Habu ya samu ɗa namiji, ya dawo aiki bayan suna, na karɓe shi don ba ni da kamarsa, amma sai da na yi wata biyu ban yi masa dariya ba. A ɓangaren riba abu ɗaya na iya rubutawa. Tun daga ranin nan, duk wanda ya zo neman hawa babur ɗina, kafin in tambaye shi ko ya iya kwana sai na tambaye shi garin da ya yi aure, da ko surukin yana da rai.